Yadda Ake Sa Ƙwallon Kurket Ta Goce a Iska: Darasi Daga Hannun James Anderson

A watan Yulin 2024, a filin Lord's da ke Landan, James Anderson ya yi wa Ingila jifansa na ƙarshe a wasan Tes, wato kurket ɗin nan da ake shafe kwana biyar ana bugawa. Yana da shekara 41 a lokacin. Ya buga wasa 188, ya fitar da masu bugu 704. Mutum biyu kacal ne suka fi shi a tarihi, Muttiah Muralitharan na Sri Lanka mai 800 da Shane Warne na Ostireliya mai 708, su kuwa dukansu masu murza ƙwallo ne a hankali, taku kaɗan suke yi su saki. Cikin masu sheƙo gudu daga nesa su jefa, babu wanda ya kamo ƙafarsa.

Bai taɓa zama wanda ya fi kowa ƙarfin jifa ba. Sana'arsa ita ce sa ƙwallo ta baro hannu kamar za ta miƙe, sai ta kusa isa ga mai bugu ta goce hagu ko dama tun tana iska, kafin ta taɓa ƙasa. Turawa suna ce wa wannan suwing, ni kuwa gociya zan riƙa cewa. Ga yadda ake koyonta, daga riƙon ƙwallo har zuwa yadda mutum zai daɗe yana cin abinci da ita.

Fara da sanin ƙwallon

Ɗauki ƙwallon kurket ta gaske ka juya ta a hannu. Nauyinta tsakanin giram 155.9 ne da 163. Cikinta toshiya ce da aka naɗe da zare, bayanta fata, sannan ga ɗinki layi shida ya zagaye ta a tsakiya ya raba ta gida biyu. Wannan ɗinkin shi ne jarinka.

Idan ka jefa ƙwallon ɗinkin yana tsaye amma ya ɗan karkace, iskar da ke bin gefen da ɗinkin ya nufa tana cin karo da shi ta hargitse. Iskar da ta hargitse ta fi daɗewa manne da jikin ƙwallo kafin ta rabu da shi. Ta ɗaya gefen mai santsi kuwa, iska tana sulalewa ta rabu da wuri. Wannan rashin daidaiton ne ke tura ƙwallo zuwa inda ɗinkin ya nufa. Masu binciken iska irin su Rabindra Mehta, wanda ya yi aiki a hukumar NASA ta Amurka, sun gwada abin a ɗakin gwaji, kuma karkacewar da ta fi aiki ba ta wuce wajen digiri 20 ba. Kaɗan ce ƙwarai. Sabon shiga yakan karkata ɗinkin da yawa, yana zaton yawan karkata shi ne yawan gociya, sai ƙwallon ta tafi tana tangal-tangal ta miƙe ɗoɗar.

Ƙwallayen ma suna suka tara. A Ingila da ƙwallon kamfanin Dukes ake wasan Tes, ɗinkin hannu ce kuma ɗinkinta ya fi tashi ya fi daɗewa. A Ostireliya Kookaburra ce, ɗinkinta yana saurin kwantawa. Indiya kuma SG take amfani da ita. Anderson ya tashi ne da hannu a kan irin ta gida, kuma ya sha wuya kafin ya iya ta waje.

Riƙo

Ɗora ɗan ali da ɗan tsakiya a saman ɗinkin, kusa da juna, babban yatsa a ƙasa, gefensa yana tokare da ɗinkin. Kada ka danna ƙwallon cikin tafin hannu. A bar ɗan fili tsakaninta da tafi, riƙon kuma ya zama kamar na wanda ya ɗauko ƙwai daga kwando.

Mu ɗauka kai badame ne, mai bugun da ke gabanka shi ma badame. Idan kana son ƙwallo ta guje shi, wato gociyar waje, sai ka karkata ɗinkin ya nufi hagunka kaɗan, wajen da masu jiran cafke suke tsayawa a gefen mai tsaron baya. Gefen da ke sheƙi ya kasance a damanka. Idan gociyar ciki kake so, wadda ke shigo masa ƙafa, sai ka juya: ɗinki ya nufi dama kaɗan, sheƙi ya koma hagu. Ka haddace abu guda: sabuwar ƙwallo tana guje wa gefen sheƙi.

Fara da ta waje. Ita ce ke sa ƙwallo ta shafi gefen sandar bugu ta faɗa hannun na baya, kuma yawancin fitarwa daga nan take zuwa. Ta ciki za ta jira ka.

Wuyan hannu, inda aikin yake

A nan mutane da yawa suke karaya, domin aikin ba shi da armashi. Ƙwallo ba za ta goce ba sai ɗinkin ya tafi a tsaye tun daga hannunka har ƙasa, abin da ke tsayar da shi kuwa shi ne juyawar baya da yatsu ke ba ta lokacin saki. Wuyan hannu yana bayan ƙwallo, a ɗan tanƙware baya, sai ya kaɗo gaba yatsun biyu su zamo ta bayan ɗinkin zuwa ƙasa.

Nemi tsohuwar ƙwallo ka shafa wa rabinta farin fenti, ko ka sayi mai kala biyu idan ka samu. Ku tsaya da abokinka taku goma tsakani, babu gudu, ku riƙa jefa wa juna. Idan ka ga fari a gefe guda ja a ɗaya gefen har ta isa, sakinka ya yi. Idan kalolin sun cakuɗe, wuyan hannunka ya faɗi gefe. Yi hamsin da safe, hamsin da yamma. Idan ba ka da abokin yi, kwanta rigingine ka riƙa cilla ta sama kana kallon ɗinkin.

Ni da kaina na ɓata kusan wata biyu ina murɗa hannu lokacin saki, kamar mai buɗe murfin kwalba, ina ganin ai dole sai na taimaka wa ƙwallon kafin ta lanƙwasa. Wani dattijo da ke koyar da yara a filin makaranta ne ya tsaya bayana, ya kalli jifa uku, ya ce, "Yaro, kai kake so ka goce, ƙwallon ba ka bar ta ba." Ya karɓa, ya tsaya cik ba tare da taku ko ɗaya ba, ya kaɗa hannu. Ɗinkin ya tafi a miƙe kamar an ja layi da rula. Ranar na koma gida da kunya, na kuma daina murɗawa.

Wasu suna naɗe rabin ƙwallon tanis da salatif irin na masu gyaran wuta, kamar yadda yaran unguwannin Karachi suke yi. Tana gocewa sosai, akwai daɗin wasa. Sai dai ita da kanta take gocewa ko hannunka ya yi daidai ko bai yi ba, saboda haka ba za ta nuna maka kuskurenka ba.

Gudu da tsayuwar jiki

Gudun da za ka yo kafin jifa ba tsere ba ne. Ka fara a hankali, ka ƙara sauri, ka iso layi kana da sauran iko da jikinka. Domin gano tsawon naka, tsaya a fili babu alama, rufe ido, ka yi gudu ka jefa a inda jikinka ya ce maka yanzu. Abokinka ya sa dutse inda ka fara da inda ƙafar gaba ta sauka. Maimaita har wurin ya daina canzawa, sannan ka auna da taku ka riƙe adadin. Dokoki biyu kada ka manta: wani ɓangare na ƙafar gaba ya kasance bayan layi, kuma gwiwar hannu kada ta miƙe fiye da digiri 15 yayin jifa, in ba haka ba wurgi ne ka yi.

Hannun da ba ya riƙe da ƙwallo shi ne sitiyari. Ɗaga shi sama ya nufi inda kake so, ka fizgo shi ƙasa kusa da haƙarƙari, hannun jifa zai biyo. A gociyar waje hannun yana ƙarewa ta gaban jiki zuwa cinyar hagu. A ta ciki yana wucewa sama sosai kusa da kunne, ya sauko ta gefen dama. Abin da za ka kiyaye shi ne ƙugu da kafaɗa su kalli wuri guda lokacin da ƙafar baya ta sauka. Idan ƙugu yana kallon gaba kafaɗa tana kallon gefe, ƙashin baya ne ke murɗewa, kuma shi zai biya bashin.

A nan labarin Anderson ya fi amfani. An haife shi ranar 30 ga Yuli 1982 a Burnley, wani garin masaƙu a yankin Lancashire, ya taso a kulob ɗin garinsu. Yana ɗan shekara 20 aka kira shi tawagar Ingila a Ostireliya a Disambar 2002. A gasar cin kofin duniya ta 2003 ya fitar da 'yan Pakistan huɗu a birnin Cape Town, ƙwallo tana gocewa a ƙarƙashin fitila kamar an ɗaura mata zare. A watan Mayun shekarar ya fara wasan Tes da Zimbabuwe a Lord's, ya fitar da biyar a zagayen farko.

Amma yana da wata ɗabi'a: lokacin saki kansa yana sunkuyawa, idonsa yana kallon ƙasa maimakon inda yake jifa. Masu horarwa suka ga abin bai yi kama da na littafi ba, suna kuma tsoron zai ji ciwon baya, sai suka shiga gyara masa salo. Gyaran gangar Auzinawa aka yi. Gociyar ta ragu, saurin ya ragu, ya koma zaman benci, ana ganinsa lokacin hutun rana shi kaɗai yana jifan alamar roba a gefen fili. Gasar Ashes ta 2005, wato jerin wasannin Tes tsakanin Ingila da Ostireliya, wadda Ingila ta ƙwace, bai buga ko wasa ɗaya ba. A 2006 kuma ciwon da ake gudu ya same shi, ƙashin bayansa ya tsage. Bayan ya warke ne ya koma salonsa na asali, da sunkuyon kan da komai. A 2008 aka mayar da shi tawaga a Wellington ta Niyu Zilan tare da Stuart Broad, wani mai jifa irinsa, ya fitar da biyar. Watanni kaɗan bayan haka ya fitar da bakwai a kan maki 43 a filin Trent Bridge. Daga nan bai sake waiwaye ba.

Ra'ayina shi ne, idan salonka ba ya murɗa maka baya kuma ɗinki yana fita a tsaye, kada ka bari kowa ya rushe shi don kawai bai yi kyau a hoto ba. A gyara ƙananan abubuwa, a bar ginin.

Inda za ka sauke ta

Tsawon turbar jifa mita 20.12 ne, kuma gociya tana bukatar tafiya a iska. Idan ka buga ƙwallo ƙasa tun a tsakiyar turba, ka kashe ta kafin ta fara aiki. Sauke ta kusa da mai bugu, kamar mita biyar zuwa shida daga sandunan nan uku da ke kafe a bayansa, inda zai ji kwaɗayin matsowa ya kora ta gaba. Wani lokacin zai same ta ya tura ta bakin fili ya ci maki huɗu. Haƙuri za ka yi. Mai jifan da ya ji zafin duka ya koma jifa gajere ya ba da kai ke nan.

Saiti kuwa, kan sandar waje daga cikin ukun, ko faɗin tafin hannu daga gare ta. A nan mai bugu yake rasa ta cewa, ya buga ko ya bari. Shimfiɗa hankici a wurin, ka jefa oba huɗu, wato jifa shida-shida sau huɗu, ka ƙirga sau nawa ka taɓa shi ko ka yi kusa. Rubuta adadin kullum.

Sai tarko. Anderson yakan jefa ta waje uku, huɗu, biyar, mai bugu yana ɗaga sanda yana bari ta wuce, har ƙafarsa ta saba da matsawa waje. Sannan ya turo ta ciki da gudu iri ɗaya da hannu iri ɗaya, ta daki ƙafa a gaban sanduna ko ta tumɓuke su. Ta cikin tana cin mutum ne saboda ba a cika ganinta ba. Wanda ke sauyawa kowane jifa nuna gwaninta yake yi, mai bugu kuwa yana karanta shi. Ka kuma yi wasa da faɗin layi: jefa daga kusa da sanduna, sannan ka matsa gefe taku ɗaya, kusurwar ta canza ko da ƙwallon iri ɗaya ce.

Za ka ji ana cewa hadari da lumshi suna ƙara gociya. 'Yan wasa sun yarda da haka ƙwarai, har masu yi wa Anderson ba'a suka laƙaba masa suna Clouderson, wai sai da gajimare yake iya aiki. Amma a Ashes ta 2010 zuwa 2011, cikin ranar Ostireliya da ƙwallon Kookaburra, ya fitar da mutum 24, Ingila ta ci gasar uku da ɗaya.

Kula da ƙwallo

Zaɓi gefe ɗaya tun oba ta farko, ku yarda a kai duk tawaga. Shi za a riƙa gogewa a wando, ɗayan a bar shi ya tsufa. Gumi ya halatta. Yawu an hana shi a 2020 saboda korona, hukumar kurket ta duniya kuma ta tabbatar da hanin a 2022. Ba wa mutum ɗaya mai busasshen hannu aikin gogewa, sauran su riƙa miƙa ƙwallo ta sama, kada a gangaro ta a ƙasa. Farce, murfin kwalba, yashi, man shafawa, duk haramun ne. A 2018 a Cape Town kyamara ta kama Cameron Bancroft na Ostireliya da takardar goge katako, aka dakatar da shi wata tara, abokan wasansa Steve Smith da David Warner kuma shekara guda-guda.

Idan ta tsufa

A wasan Tes sai an yi oba 80 ake ba da sabuwar ƙwallo, sheƙin kuwa yana gushewa tun da wuri. Abin da mai jifa zai yi a tsakanin nan shi ke raba ɗan koyo da gwani. Idan gefe guda ya yi kaushi sosai, ɗayan yana da santsi kuma a bushe, aka jefa da ƙarfi, sai lissafin ya juye: ƙwallo ta bi gefen sheƙi, kuma a makare take gocewa, dab da mai bugu. 'Yan Pakistan ne suka fito da wannan gociyar juyi, daga Sarfraz Nawaz zuwa Imran Khan, sannan Wasim Akram da Waqar Younis suka addabi duniya da ita, suna saitin yatsun ƙafa. Sharuɗɗanta uku ne: bushewa, sauri, da jifa mai tsawo. Digon gumi a gefen kaushi yana lalata aikin awa guda.

Mai koyo a ƙasar Hausa ya kamata ya ba wannan muhimmanci fiye da ɗan Ingila. Filinmu a lokacin hunturu busasshe ne, ƙasa mai tsakuwa ko daɓen siminti, suna cinye fatar ƙwallo cikin ɗan lokaci. Yanayin ya fi kama da na Lahore ta Pakistan fiye da na Manchester ta Ingila.

Tunda mai bugu yana leƙen inda sheƙi yake, Anderson ya koyi rufe ƙwallo da hannun hagu yayin gudu, dabarar da ya gani wurin Zaheer Khan na Indiya. A Chennai a Fabrairun 2021, yana da shekara 38, ya tumɓuke sandar Shubman Gill da ta Ajinkya Rahane cikin oba guda da gociyar juyi.

Akwai kuma ranar da babu gociya ko ta wane iri. Don irin wannan rana ya ɗauko wata dabara daga Mohammad Asif na Pakistan a 2010: a ɗan buɗa yatsun biyu, a saki ƙwallo ɗinkin yana rawa kaɗan. Ba za ta goce a iska ba, amma idan ta sauka a kan ɗinkin tana iya tsalle ciki ko waje, mai jifan kansa bai san ina za ta bi ba, balle mai bugu. Kada ka taɓa wannan sai ɗinkinka ya iya tsayuwa, domin da gangan ake sa shi rawa.

Jiki da tsawon kwana a sana'ar

Kowane jifa, ƙafar gaba tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau da yawa. Shi ya sa hukumar kurket ta Ingila ta ƙayyade wa yara yawan oban da za su jefa a jere da kuma a yini. Ƙarfafa ciki da ƙugu da cinya, sa takalmi mai kama ƙasa, kuma ciwon baya da ke tsayawa a gefe guda ba na a daure ba ne, na ganin likita ne. Idan ka dawo daga hutu, ƙara yawan jifa sannu a hankali cikin makonni.

Anderson bai sake buga wa Ingila wasan yini ɗaya ba bayan kofin duniya na 2015, duk da mutum 269 da ya fitar a irinsa. Hakan ya bar masa jiki don wasan Tes. A shekarar ce ya wuce fitarwa 383 na Ian Botham, wanda kafin nan ya fi kowane ɗan Ingila yawan fitarwa a Tes, a Antigua, a wasansa na 100. Ya kai 500 a 2017, shekarar da aka sa wa ɓangare ɗaya na filin Old Trafford sunansa alhali yana kan wasa. A 2018 ya wuce 563 na Glenn McGrath na Ostireliya. Tafiyar ba ta rasa tuntuɓe ba: a Ashes ta 2019 oba huɗu kawai ya jefa sha-raɓarsa ta tashi, a farkon 2022 kuma aka ajiye shi da Broad aka tafi West Indies babu su. Ya dawo. Na 700 ɗinsa shi ne Kuldeep Yadav, a Dharamsala da ke gindin duwatsun Himalaya, a Maris 2024.

Ga mai son gwada sa'a a nan gida, ƙofar ita ce makaranta, kulob, tawagar jiha, sannan hukumar kurket ta Najeriya. 'Yan ƙasa da shekara 19 maza sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matan kuma sun doke Niyu Zilan a Maleshiya a Janairun 2025. Idan za ka je gwaji, tafi da littafin da kake rubuta ƙirgen hankicinka, ka kuma sa wani ya ɗauki bidiyonka da waya daga bayan hannu, a hankali, yadda mai horarwa zai ga ɗinkin tun daga yatsunka har inda ya sauka.